Jaridar da Usama Ya Kife

Safiyar ta fara lafiya lau. A otal aka ba mu shinkafa da kabeji, ƙanena Usama yana ta tsokanata, wai ni direban alhazai na tashar Kudai a Makka, yau ni ake tuƙawa. Shi ya matsa mu zo. Ƙasa ce rufaffiya, ba waya, ba intanet, ba inda za ka taka sai da jagoran da gwamnati ta haɗa ka da shi. Tun a Makka na ce masa wannan ba buɗe ido ba ne, neman magana ne. Ya ce, "Halas, ya isa haka, Yaya, mako guda ne fa." Na biyo shi don kada ya tafi shi kaɗai.

Da rana ta take aka sauke mu a wani makeken fili na siminti. Azahar ta yi. Ba kiran salla, ba masallaci. Mu 'yan unguwar Utaibiyya ta Makka, in sahu ya fito har titi ranar Juma'a, kwali ko jarida ka samu ka shimfiɗa ka yi kabbara. Haka muka tashi. Usama ya zaro jaridar da aka raba mana a mota. Hoton shugaban ƙasar ne ya cika shafin gaba. Ba zai yi sujada a kan fuskar mutum ba, sai ya buɗe ta, ya kife hoton a ƙasa, ya cire takalmi ya hau.

Ina alwala a bayan mota na ji usur. Sai gudun takalma. Sai jagorarmu, wata siririyar mata, ta ƙwalla ihu da ɗan Larabcin da ta iya: "Gum! Gum!" Wato tashi. Usama yana ruku'u. Wa ke katse salla don ihun wani? Soja na farko ya buga masa gindin bindiga a kafaɗa, na biyu a baki. Wallahi na ji faɗuwar haƙorinsa a kan siminti.

Na ruga. Mutum biyu suka danne ni, gwiwa a wuyana.

"Yaya, kar ka yi faɗa!"

Ban sake jin muryarsa ba. Wani soja ya ɗauki jaridar da hannu biyu yana kakkaɓe ƙura daga hoton shugaban. Ƙanena kuwa a ƙasa suka ja shi.

Aka wurga mu a mota, ni da sauran baƙin da muka zo tare, ban da Usama, aka ja labule. Jagorar tana kuka aka sauke ta a hanya, wani mai baƙar kwat ya maye wurinta. Ba a mayar da mu otal ba. La'asar ta same mu a filin jirgi. Na kwanta a ƙasa na ce ba inda zan je, na zage su da Hausa, na zage su da Larabci. Ko kallon fuskata ba su yi ba. Cak suka ɗauke ni kamar buhu.

Washegari da hantsi na iso gida. Umma ta buɗe ƙofa, ta leƙa bayana har ƙasan bene. Na zauna a bakin ƙofar na gaya mata komai. Sai ta ce, "Ya idar da sallar?"

Na ce, "A'a, Umma. A raka'ar farko suka ɗauke shi."

Ba ofishin da ban shiga ba, kowa ya ce a yi haƙuri, ƙasar ba ta ba kowa amsa. Har yau ba wanda ya ce mana yana raye, ba wanda ya ce ya mutu. Matarsa Ruƙayya ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma da miji.