Tsagar Baban Mahasin

Duk ɗalibar Najeriya da ta je karatu ƙasar waje ta zauna a unguwar Hayyus Sabi' ta san Inna Mahasin, mai yi musu girki. Bahaushiyar Sudan ce, ga faɗa ga kyauta. Za ta wanke ki tas a kan kin bar tukunya, ta kuma ƙara miki nama.

Abu guda ne ke cin ranta: ba ta san garinsu ba. Mahaifinta ya baro ƙasar Hausa yana goye, a ayarin mahajjata. Iyayensa suka rasu a hanya, ya tashi a Wad Madani ta Sudan bai san sunan garinsu ba. Abin da ya zo da shi kawai tsagar fuskarsa ce, uku-uku a kunci da wata karkatacciya a gefen hanci.

To, ƙungiyar ɗalibai kan buga littafin yaye kowace shekara, hoton kowa da sunan garinsa a ƙasa. Masu komawa gida kuwa, littattafan fiƙihu sun cinye musu kilon kayan jirgi, sai su watsar da na yayen. Ita ko ta bi ta tsince. Ƙarƙashin gadonta har ya cika.

"Inna, tarkacen nan fa?" in ji Khairat, wata 'yar Gusau mai tsokana.

"Tarkacen gidanku! Yalla, miƙo min tabarau."

Fuska take nema mai irin tsagar babanta. Sai dai kash, yaran yanzu fuskarsu sumul, ba mai tsaga. Ga yanar ido ta fara rufe mata gani. Wallahi abin da ban tausayi, ka ga tsohuwa ta manna takarda a hanci tana bin hotuna da yatsa.

A 2013 ƙungiyar ta tashi sauya ofis, aka fito da kwalaye za a zubar. Khairat ta kinkimo mata guda, duk littattafan yaye na shekarun 1970, sun yi ja suna warin ɗanshi. Kwana tara suna dubawa bayan la'asar. Ran na goma Inna ta dafe wani hoto. Wani saurayi ne mai rawani, tsagar nan sak.

"Karanta min, 'yar nan. Idon ya ƙi."

"Ya'ƙub Sulaimanu. Garinsu Kukar Gidaɗo."

Hawaye suka fara bin kuncin Inna. Can ta lalubo waya ta kira yayanta Ishaq a Sudan, tsoho tukuf, su biyu suka rage.

"Yaya, na samo garin Baba."

Ta faɗa masa sunan. Sai ta ji ya ce:

"Dakata, Mahasin, kar ki kashe. Bari in kira jikoki. Ki sake faɗa, a hankali."