Injin Malam Ɗalha a Tanderun Yaya Turai

Shekara arba'in da ɗaya Malam Ɗalha Mai Agogo ya yi a rumfa ɗaya a Jakara, dab da kasuwar Kurmi. A da, agogo goma sha biyu yake buɗewa kafin azahar. Da wayar hannu ta zo suka koma shida, suka koma biyu. Watan jiya uku aka kawo masa, biyu ma batir ne kawai ya mutu.

Rumfar gado ce, shi da yayarsa Hajiya Turai mai gurasa. Sau huɗu tana aiko masa cewa ya tashi, 'yarta Luba za ta zuba cajar waya a wurin.

Ana cikin haka ya ji a rediyo cewa masana na son tura mutum-mutumi duniyar Zuhura ya dubo ma'adinai, amma zafin can ya haura digiri ɗari huɗu da hamsin, har dalma narkewa take yi. Kayan lantarki ba sa kai labari. Wai sai dai injin da ke tafiya da sifirin da haƙora, irin cikin tsohon agogo.

Malam Ɗalha ya miƙe tsaye, gilashin gyara maƙale a ido.

"Kun ji ko? Sun gama yawonsu, sun dawo wurina!"

Ya farke agogon bango tara, ya haɗa wani abu mai girman kwanon sha, ƙafa shida da cokalin haƙa a gaba. Wata biyar yana aikin. Duk wanda ya tsaya ko da tambayar hanya ce, sai ya ji cewa a Zuhura dalma ruwa ce. Kafin injin ya taka ƙasa, 'yan layin sun kafa Ƙungiyar Mahaƙa Ma'adinan Zuhura: mutum talatin da biyu, goma sha huɗu masu muƙami. Har rigima aka yi a kan wanda zai sami fili bakin titi a can Zuhura. Kwatar da ta toshe a gaban rumfunansu kuwa shekara uku ba a sami mai ɗaga shebur ba.

Saura gwaji. Wuri mafi zafi da Malam Ɗalha ya sani shi ne tanderun Yaya Turai, tukunyar yumɓun da take manna gurasa a cikinta tun tana amarya.

"Yaya, minti goma kawai."

"Tanderun nawa ne Zuhura? Kai Ɗalha, furfura ba ta hana ka komai ba."

"In ya yi minti goma yana tafiya, ki bar mini rumfa. In ya kasa, Luba ta kawo kayanta."

Ta dube shi sama da ƙasa. "A gaban shaidu ka faɗa."

Ranar Asabar da hantsi, bayan an kwashe gurasar ƙarshe, masu muƙami goma sha huɗu suka cika zaure, matan gida suka zagaye tanderu. Malam Ɗalha ya yi wa injin wani irin na agogo sau ashirin, ya zura shi da dogon ƙarfe a kan garwashi. Luba ce ke riƙe da lokaci, a wayarta.

Abin ya tafi! Ƙas, ƙas, ƙas, cokalin na ɗebo toka yana watsarwa baya. Minti ɗaya. Minti uku. Aka aika zaure, shugaban ƙungiya ya yi kabbara. A minti na shida ƙafa ɗaya ta zame. Sai ta biyu. Sai wani ruwa mai ƙyalli ya fara ɗiga daga cikinsa, injin ya durƙusa ya baje.

Yaya Turai ta leƙa. "Wannan farin ruwan fa?"

Malam Ɗalha ya leƙa shi ma. Mahaɗa arba'in da bakwai ke jikin injin, kuma kowacce ya liƙe ta yadda hannunsa ya saba shekara arba'in da ɗaya.

"Dalma ce, Yaya."

"Dalmar da ka cika mana kunne wata biyar tana narkewa?"

"Ita."

"To ba na gasa wa mutane abinci a kan dalma. Ga ma'adinai nan, Injiniya. Haƙo."

Har la'asar yana durƙushe yana ƙwaƙule toka da cokali. Ɗigo ashirin da uku ya tsinto. Duk da haka ta sa aka fasa tanderun, shi ya ɗauko sabo a ka. Daga masu muƙami ba wanda ya kama masa. Suna taron binciken musabbabin hatsarin.

Litinin Luba ta jera cajojinta. Da ta ga kawun nata tsaye da akwatin kayan aiki bai san inda zai nufa ba, sai ta matsar da kwali ɗaya, ta bar masa kusurwar teburi, taƙi biyu da rabi.

Nan yake zaune yanzu, yana haɗa inji na biyu da ƙusoshin tagulla, ba liƙi ko ɗaya. Gidajen gurasa goma sha bakwai ya zaga neman wurin gwaji. Goma sha shida sun ce tanderunsu ba ya aro. Na ƙarshen sun ce ya dawo in uwargidan ta dawo daga Umara, ya kuwa rubuta ranar dawowarta a bango.