Zayyanar da Inna Ta Gani da Yatsunta

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunayen wasu ƙawayen makaranta, amma zayyanar saukar Inna ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Inna mahaifiyata ce. Ta haura sittin lokacin da ta kai ƙarshen Alƙur'ani a makarantar matan unguwarmu a Nariya, kuma da kunne ta kai, don yanar ido ta riga ta rufe mata gani. A al'ada ana yi wa mai sauka zayyana a allo da tawada kala-kala, a zaga da shi gidajen 'yan uwa. Da aka ta da maganar sai ta ce a bar shi, me makauniya za ta yi da ado? Wallahi maganar nan ta soke ni.

Na taɓa gani a waya ana kafa ƙusoshi a katako, ana zagaya su da zare har ado ya fito. Na ce to, wannan ai ana iya shafa shi. Ban taɓa riƙe guduma ba, amma akwai ni da kafiya. Kawu, ƙanen Inna, malamin allo ne, ya ce ba a buga ƙusa a allon da aka rubuta aya. Gaskiya ya faɗa. Sai na hau mashin zuwa Rano, kafinta ya yanka mini sabon katako mai siffar allo.

Ina dawowa na kwaso ƙusoshin rufin kwano da suka rage a gida. Bugu na biyar katako ya tsage gida biyu, ga sauka saura kwana uku. Na zauna na sha kukana. Washegari na koma. Kafinta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tambaye ni ko rumfa zan kafa, sannan ya yanka wani, ya tura ni wurin mai gyaran takalmi na samo 'yan ƙananan ƙusoshi.

Suka shiga lafiya lau. Sai rigimar zare: na ɗinkin hula ne, ja da kore da ruwan ɗorawa, da na ja sai ya tsinke. Inna tana kan tabarma tana jin tsakina, ba ta san abin da nake ƙullawa ba. Ta ce in miƙo mata bakin zaren, ta murza shi irin na wadda ta yi shekaru tana kaɗi, ta ce, "Ke matsalarki gaggawa. Zare ba ya son ƙarfi, lallaɓa shi ake yi." Na lallaɓa, ya kuwa zauna.

Ranar sauka, gida cike da mata, na ɗora mata allon a cinya. Ta bi shi da yatsu daga wuya zuwa ƙasa, ta sake komowa.

"Wannan ai tauraro ne," in ji ta. "Ga wani ƙarami a cikinsa. Wa ya yi mini?"

Kawu ya ce ai wadda kika yi wa faɗan gaggawa ce. Guɗa ta kaure. Inna ta rungume allon, ta ce babu mai zagawa da shi sai ita da ƙafarta. Haka muka bi gida-gida ina riƙe da hannunta, ina jin kamar ni na yi saukar.

Allon yana nan a ɗakinta, zaren tsakiyarsa har ya yi duhu don shafa. Daga ranar na koyi cewa in babba ya ce a bar shi, ba lallai ne ba ya so ba. Sau da yawa fid da rai kawai ya yi.