Ranar da Yaya Ta Kashe Tallarmu

Tun da na shiga harkar rubuta manhaja na ga abubuwa da dama, masu daɗi da marasa daɗi, kuma yawancinsu sun fara dusashewa a kaina. Amma abin da ya faru a ɗan ofishinmu na unguwar Derrière la Prison a shekararmu ta farko, wannan kam ko tsufa na yi ba na jin zai bar zuciyata.

Mu biyu muka kafa kamfanin, ni da 'yar kawuna wadda nake kira Yaya. A Libreville aka haife mu, iyayenmu mutanen Maradi ne da kasuwanci ya kawo su. Hausa a gida, Faransanci a makaranta. Ita ta yi aiki a wani kamfanin talla kafin ta ajiye, ni kuwa fitowata ke nan daga karatu, ba abin da na iya sai zama gaban kwamfuta. Manhajarmu ta masu motocin haya ce, irin mutumin da ke da 'yan taksi a hannun direbobi. Tana tuna masa ranar da asurans, wato inshorar kowace mota, zai ƙare, da lokacin kai ta bizit, wato gwajin lafiyar mota, da lokacin juye mai, don kada sai 'yan sanda sun tsare direba a hanya sannan a tuna. Ofishin ɗaki ɗaya ne a bayan shagon wani tela. In ya taka kekensa, har teburinmu rawa yake yi.

Manhaja ta yi kyau, sai dai ba wanda ya san da ita. Sai Yaya ta ce mu gwada talla a shafin bincike na intanet. Abin ba wuya: kai za ka zaɓi kalmomi, duk wanda ya rubuta su yana neman wani abu sai tallarka ta fito masa a sama, ba za ka biya ba sai ya danna. Kuɗin da muka ware adashenta ne da ta kwasa, kuma daga shi ba wani. Ta raba shi a kan kwanakin wata, ta sa iyakar abin da za a ci a rana. Kullum da safe kafin ta sha shayi sai ta duba abin da jiya ta cinye, kamar mai kula da majinyaci.

Da farko shiru. Mutum ɗaya ya danna yau, gobe babu. Daga nan ta ƙara wasu kalmomi, ciki har da “direban taksi” da Faransanci, a tunaninta masu mota suna yawan rubuta haka. Ai kuwa sai abu ya ɓarke. Kafin azahar kuɗin rana ya ƙare, mutane na ta barin lambobin wayarsu a shafinmu. Na tuna har na fita na sayo mana gasasshen naman nan da ake kira kupe-kupe, muka kira tela muka ci tare. Murnarmu tana da dalili. Akwai wani Alhaji, aminin iyayenmu, mai sayar da kayan gyaran mota a unguwar Nombakélé, da ya ce mana duk ranar da muka nuna masa cewa mutane na son abin nan, zai sa kuɗinsa. Har ya ba mu rana. Na zauna na zana masa layin masu ziyarar shafinmu, yana ta hawa sama gwanin sha'awa.

Yaya kaɗai ce murnarta ba ta cika ba. Ta ce da ni, “Kai, duk mutanen nan ba wanda ya shigar da mota ko ɗaya. Mai mota ya zo wurin manhajar mota ya ƙi sa motarsa?” Na ce ƙila sai sun saba.

Ana saura kaɗan ranar Alhaji ta zo, wata safiya ana tafka ruwa irin na garin nan, muka ji sallama a bakin ƙofa. Wani dattijo ne, ya naɗe ƙafar wandonsa, rigarsa ta sha guga amma ruwa ya jiƙe ta sharkaf. Ya fara da Faransanci, da ya ji muna Hausa sai fuskarsa ta saki. Mutumin garin Tawa ne. Ya ciro permi ɗinsa, wato lasisin tuƙi, daga cikin leda ya miƙa da hannu biyu, ya ce, “Nan ne ake ɗaukar direbobi?”

Yaya ta miƙe ta ba shi kujerarta, ta rusuna ta gaishe shi, ta aike ni in karɓo masa shayi mai zafi. Da na dawo na tarar yana ba ta labari. Ya daɗe yana jan babbar motar katako, da ƙarfi ya ragu ya koma taksi, sai mai motar ya sayar da ita. Tun lokacin yake zaune. Ɗiyarsa ce ta rubuta masa a waya cewa direba na neman aiki, sai sunanmu ya fito a sama, ga kuma adireshi. Tun daga unguwar PK8 ya taso. Ya ce, “An ma kira ni wani lodi yau a kasuwa, na ce a ba wani, ni na samu inda ake nemana.”

Ban taɓa ganin fuskar Yaya ta canza haka ba. Ta juya ga kwamfuta ta buɗe wurin da ke nuna ainihin abin da mutane suka rubuta kafin tallarmu ta fito musu. Muna ta kallon yawan masu dannawa, wannan wurin ba mu leƙa shi ba tun da abin ya ɓarke. Ta fara karantawa a hankali. Ina neman aikin direba. Direba mai permi yana neman mota. Aikin tuƙi da gaggawa. Ta yi ta jan shafin ƙasa, kusan duk haka ne. Shafin binciken ya ga kalmar direba, ya yi ta kai tallarmu gaban masu neman abinci.

Ta dawo gaban dattijon ta durƙusa. Ta ce, “Baba, ka yi haƙuri. Ba ma ɗaukar direbobi. Manhaja muke sayar wa masu mota. Ni na rubuta tallar, kuma ban rubuta ta yadda za a gane ba. Laifina ne ka baro aikinka ka shigo ruwa.”

Ya ajiye kofin shayin. Sannan ya mayar da permi cikin leda, ya ce, “Ba komai, 'yata. Haka Allah ya so.” Da zai tafi ta ɗauki lema ta raka shi har bakin titi. Ta san in ta miƙa masa kuɗin mota ba zai karɓa ba, sai ta tsayar da taksi, ta zagaya ta wajen direban ta sallame shi kafin dattijon ya ankara.

Tana dawowa, ko mayafinta da ya jiƙe ba ta cire ba, ta zauna ta kashe tallar. Na ce, “Yaya, to me za mu nuna wa Alhaji?” Ta ce, “Abin da muke da shi.” Daga nan ta ɗauki waya ta shiga kiran waɗanda suka bar lambobinsu, ɗaya bayan ɗaya, tana gaya musu ba aiki a wurinmu, kada wani ya sake tasowa. Wasu suka gode, wasu suka kashe waya, wani ya zage ta tas da Faransanci. Ta bari ya gama, ta ce masa yana da gaskiya. Ba ta tashi ba sai da tela ya fara rufe shago.

Ranar da muka je Nombakélé, Alhaji yana zaune a cikin shagonsa tsakanin tayoyi da kwalayen batir, yana jan carbi. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida, Yaya ta ajiye masa zanen da na yi, ta bari ya gama murmushi, sannan ta ce, “Baba Alhaji, wannan layin ba na masu saye ba ne.” Ta kwashe labari ta gaya masa, ba ta rage komai ba.

Na ɗauka zai ce mu tashi mu ba shi wuri. Sai ya yi dariya, ya ajiye carbin. Ya ce, “'Yata, kasuwa ta zo miki har ƙofa kina ba ta haƙuri? Kunna tallar nan. Duk direban da ya zo ya biya ɗan kuɗin rajista, ku ce za ku haɗa shi da mai mota. Kaɗan za ku sa, ba za su ji ba. In direbobi suka taru, masu mota da kansu za su biyo. In kin yarda da wannan, yau ɗin nan zan shigo.”

Ba zan ce Alhaji mugunta yake nufi ba. Ɗan kasuwa ne, ya ga taro, kuma ya yi imani abin zai kai ga haɗa mutane da aiki wata rana. Ni dai na kasa ɗaga kai. Ina tuna adashen da ya kusa ƙarewa.

Yaya ta sunkuyar da kai, ta ce, “Baba, yanzu haka ba mu da mai mota ko ɗaya da ke neman direba. In na karɓi kuɗin mutum, me na sayar masa?”

Ya ce, “Sa rai. Mutum in yana sa rai ai ya fi zama haka.”

Ta ce, “Allah ya ƙara maka girma, sa ran nan da shi ya zo, nasa ne. Ba zan karɓi kuɗinsa in mayar masa da abinsa ba. Ranar da na sami masu mota, ni zan neme su, kuma ba su za su biya ba.”

Alhaji ya ɗauki carbinsa, ya ce taurin kan nan a wurin mahaifinta ta gado shi. Ya ce in mun sami masu biya mu dawo, ya sa aka kawo mana lemo. Muka sha, muka yi godiya, muka fito hannu sake.

Muka shiga taksi. Na buɗe baki zan yi magana, ta ce, “Don Allah ƙyale ni tukuna.” Sai da muka kusa sauka ta ja dogon numfashi ta ce, “Wallahi na ji tsoro. Har ya fara magana ban san me zan ce ba.” A lokacin ban ɗauki wannan maganar da nauyi ba. Yanzu da na girma na gane ita ce ta fi komai ƙara mata daraja a idona. Ashe ba don tsoro bai kama ta ba ne ta ƙi. Ya kama ta, ta ƙi duk da haka.

Da ɗan abin da ya rage ta sake gina tallar tun daga tushe. Ta hana ta fitowa ga duk wanda ya rubuta aiki ko neman aiki. Ta sa shafin ya riƙa bin kalmominmu daidai yadda ta rubuta su, ban da masu kama da su. Ta taƙaita ta ga Libreville da maƙwabciyarta Owendo. A cikin tallar kanta ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa ta masu mota ce, ba ma ɗaukar direbobi, ko da yake wannan ya ci mata rabin wurin rubutu. Ta riƙa zuwa gareji da layin masu sabunta asurans tana hira da masu mota, tana jin abin da ke damunsu da yadda suke faɗinsa. Da kalmominsu ta yi aiki. Masu dannawa suka ragu ƙwarai, wata rana ma ba a cinye kuɗin rana ba. Ni kuma na koma gyaran kwamfutocin mutane da yamma don mu riƙe ofis.

Wadda ta fara biyanmu wata malamar makaranta ce 'yar ƙasa da ta yi ritaya, ta sa kuɗin sallamarta a taksi. An kama mata mota saboda bizit ya wuce, ta shiga bincike cikin fushi, ta faɗo kanmu. Ita ta kawo mana wani ɗan cocinsu, shi kuma ya kawo wani. A haka muka taso, sannu a hankali. Da masu mota suka yi yawa suka fara tambayarmu direbobin kirki, Yaya ta sa na buɗe sashen direbobi, kyauta gare su, mai mota ne ke biya. Dattijon nan ta fara kira. Ya ce ya riga ya samu, yana jan motar wani gidan burodi, ya yi ta sa mata albarka har kredin waya ya yanke. Alhaji kuwa bai taɓa sa kuɗinsa ba, mu ma ba mu koma da maganar ba. Muna zuwa gaishe shi da Sallah, yana tsokanar ta, tana dariya.

Kamfaninmu har yau ba babba ba ne, kuma har yau da awo muke talla. Abin da na koya a wurin Yaya shi ne, lambar da ke hawa a allon kwamfuta ba ta gaya maka waye ya zo, ko me ya kawo shi, sai ka je ka duba. Duk dannawa ɗaya mutum ne da buƙata ta sa ya rubuta wani abu a wayarsa. In kana da abin da yake nema, ka kira shi. In ba ka da shi, ka gaya masa tun bai baro gidansa ba.