Koriyar Sitikar Hajiya Falmata

Ko zan manta da komai na aikin nan, ban da ranar da Hajiya Falmata ta dire kwalabe biyu a kan teburin Oga.

A lokacin ina aiki a wani shagon zane da buga takardu a Fagge. Ni ne mai zana tambari, wato alamar da mai sana'a ke sa wa kayansa don a gane su. Oga Sabo ne mai shagon, shi ke karɓar aiki, ni kuma in na gama zane in kai wa masu inji a Sabon Gari. Hajiya Falmata kuwa humra take haɗawa a gidanta a Rijiyar Lemo, irin wadda ta koya wurin kakarta. Sai da na je gidan na ga yadda take aikin, sannan na zana mata ɗan kasko yana hayaƙi a kan sitika koriya shar. Kasuwa ta karɓe ta.

Al'adar shagunanmu ce a manna samfurin kowane aiki a bango. Mai sabon aiki ya shigo, ya ɗaga kai, ya ce, "Irin wannan nake so." Ni nakan ce wannan yana da mai shi, bari in yi maka naka. Ashe wata rana ina wurin inji, wani ɗan kasuwa mai sayar da humra ya nuna na Hajiya. Oga ya buɗe kwamfutata, ya goge sunanta, ya sa na mutumin, ya aika aka buga.

Gab da azumi, lokacin da biki ke bin biki, sai ga Hajiya da kwalaben nan. Ko zama ba ta yi ba.

"Alhaji, wacce ce tawa a ciki?"

Oga ya duba, ya sake dubawa, sai da ya ɗauka ya kai kusa da ido.

"Kai da ka iya karatu ke nan," in ji ta. "Masu sayen kayana launi suke kallo. Uwar amarya ta sayi wannan a zatonta tawa ce, ta ɓata leshin yarinya ranar kamu. Har ƙofar gidana aka zo ana ce mini macuciya, a gaban 'ya'yana."

Na juya wurin Oga. Na ce, "Oga, wa ya taɓa aikin nan?"

Ko a jikinsa. "Kai ma dai, Nura! Kore na wani ne? Kasko na wani ne? Ai sunan daban. Hajiya, yi haƙuri, zai zana miki sabo kyauta."

Kyauta! Kamar mutum ya rushe maka ɗaki ya ce zai ba ka tabarma. Abin da ya fi ƙona mini rai, har cikin zuciyarsa bai ga laifin da ya yi ba.

Na samu ɗan kasuwar a rumfarsa, na roƙe shi. Ya ce shi bai saci komai ba, a bango ya gani, kuma kayansa sun riga sun bazu. Dole mai gaskiyar ce ta canja. Na zana mata sabuwar sitika ruwan goro, raina a ɓace, bayan sallah kuma na bar shagon.

Ku da kuke koyon sana'ar nan, ku ji da kyau. Yawancin mutanenmu suna ɗaukar tambari ado ne, kowa na iya yafawa. Ba ado ba ne, mutuncin mai shi ne, kuma in ya fita daga hannunsa ba ya dawowa.

Bara na shiga wani shagon kayan kwalliya a Sabon Gari. Mai shago ya miƙa wa wata mata sabuwar kwalbar Hajiya Falmata mai sitika ruwan goro. Ta juya ta, ta yatsina fuska, ta tura masa.

"A'a, Malam, wannan jabu ce. Ba ni ta asalin, mai koriyar sitika."