Gwangwanin Baba Da Na Cika Da Kuka

Shekarun baya, ina gama sakandare aka tura mahaifina aiki ofishin jakadancinmu a Riyad, ni da mahaifiyata muka tattara muka bi shi. Cikin shekarun casa'in ne, lokacin babu wayar hannu balle a rage zafi da ita. Muna zaune a unguwar Malaz, hawa na biyu, a can ƙasan ginin akwai baƙala, wato ɗan kantin unguwa. Ni dai zaman bai karɓe ni ba. Ba makaranta, ba ƙawaye, ko burodi zan sauka saye sai na zura abaya. Ga ni da baki, ga rashin haƙuri. Baba yana ce mini Uwata don sunan mahaifiyarsa na ci, Mama kuwa uwar garaje take kirana, kuma ita ta fi shi gaskiya.

A can ne Baba ya kamu da son wasan tanis, yana da shekara hamsin da ɗoriya. Likita ne ya ce sugansa ya hau, ya nemi abin motsa jiki. Wani Ba'amurke da ya zo neman biza ya gayyace shi unguwarsu, irin mai doguwar katangar nan da ma'aikatan kamfanoni ke zama a ciki, akwai filin wasa. Shi ke nan. Duk Alhamis bayan la'asar Baba zai sa farin wando, ya ɗauki raket, wato abin bugun, da sabon gwangwanin ƙwallo, ya fice.

Abin bai tsaya nan ba. Duk mako jaridar Turancin da yake saye takan buga jerin gwanayen tanis na duniya, shi kuma akwai wani ɗan wasa na Amurka da ya ɗauka ya sa wa rai. Ba zakara ba ne, ko cikin goman farko ba ya. Baba zai sa tabarau, ya bi jerin da yatsa tun daga sama, yana sauka, yana sauka, har in gaji da kallonsa.

Wata rana ya buga tebur. "Uwata, zo ki gani! Yaron nan ya hau inda bai taɓa hawa ba tunda ya fara wasa."

Na ce, "Ya zama na ɗaya?"

"A'a."

"Na biyu?"

"Ke dai zo ki gani."

"Baba, kowa na bin na gaba, kai kana bin kurar baya. In ba na ɗaya ba ne, murnar me ake yi?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ya wuce kansa na bara. Ke kin wuce naki?" Na murguɗa baki na koma ɗaki.

To, ga abin da ban sani ba a lokacin, don ban taɓa tambaya ba. A filin nan suna da al'ada. Duk mutum biyun da za su kara, kowa zai zo da sabon gwangwani a rufe. A buɗe ɗaya a yi wasa da ƙwallayen ciki. Wanda ya ci shi zai tafi gida da rufaffen, wanda aka cinye ya kwashi waɗanda aka daka. Shekara uku Baba yana fita da sabo yana dawowa da dakakku. Ni a zatona haka wasan yake, ƙwallo ake ci kamar gyaɗa.

Gidanmu ya cika da su. Mama ta tsaga wasu ta cusa a ƙafafun kujeru, don maƙwabcinmu na ƙasa ya daina buga mana rufi da tsintsiya. Gwangwanayen kuwa sun zama na kicin: wannan na yaji, wannan na daddawa, wancan na busasshiyar kuɓewa da alhazai ke kawo mana tsaraba. Mai jiran baƙalar nan kuma, wani dattijo mutumin Maraɗi da suke sallah sahu ɗaya da Baba, ya samu abin tsokana. Da ya hango shi da jaka sai ya ɗaga murya, "Alhaji, yau ma tsofaffin aka ba ka? Wallahi Nasaran nan sun samu bola!" Baba ya yi dariya ya ce, "Akwai rana." Ashe abin yana cinsa. Burinsa ɗaya kafin mu bar ƙasar: ya shigo da rufaffen gwangwani ko sau ɗaya, ya nuna wa mutumin Maraɗi, ya tafi da shi Zariya ya ajiye a kabad ɗin falo.

Aka yi masa canjin aiki zuwa gida. Alhamis ɗin ƙarshe ta zo, saura kwana biyar mu tashi. Mama ta sa ni haɗa kayan kicin, ita ta haura sama yi wa maƙwabciyarmu 'yar Sudan sallama. Ina ta fama, ga zafi, ga kuka rabin leda da na rasa inda zan juye. Ana kiran magariba Baba ya shigo a gurguje, jiƙe da gumi, ya dire wani abu a tebur, ya yi alwala ya zura jallabiya. A bakin ƙofa ya juyo yana wani murmushi, ya ce, "Uwata, ina zuwa da baƙo." Na ce to, ko ɗaga kai ban yi ba.

Na fito falo, sai ga gwangwani a tebur. Na ce alhamdu lillahi, ga mazubi. Na cire murfin roba, na ga na ƙarfen yana nan. Da mai hankali ne, da ya tsaya ya yi tunani. Ni na sa yatsa na fizge. Ya yi "fusss", wani ƙamshin sabuwar roba ya tashi. Na zazzage ƙwallaye ukun a kan kujera, na goge ciki, na ɗura kukata har baki, na mayar da murfi, na ajiye shi daidai inda na same shi. Har ina yaba wa kaina.

Aka idar da sallah, na ji su a matattakala. Muryar Baba ce a sama. "Lokacin da na wuce ka riga ka rufe kanti. Yau sai ka gani da idonka!" Suka yi sallama, Mama ma ta shigo a bayansu. Baba ya ɗauki gwangwanin da hannu biyu ya miƙa wa mutumin Maraɗi kamar mai miƙa jariri ranar suna.

Dattijon ya jijjiga shi a kunne. Ya buɗe. Ya shinshina.

"Alhaji, wannan ai kuka ce."

Ya sake leƙa ciki, ya ƙara da cewa:

"To madalla. Wasu kofi ake ba su, kai an ba ka kayan miya. Saura tuwo."

Baba ya kalli kujera ya ga ƙwallayen. Ya kalle ni. A hankali ya ce, "Wa ya buɗe?"

Na ce, "Ni ce. Gwangwani ne fa, Baba, guda nawa ne a gidan nan?"

Baba ya karɓi gwangwanin ya ajiye a tebur. Ya raka baƙonsa, ya dawo ya shige ɗaki. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mama ta ja ni kicin ta warware mini zancen tun daga tushe. Na ce, "To me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini?" Ta ce, "Shekara uku yana fita yana dawowa a gabanki. Kin taɓa ce masa, Baba yaya wasa?"

Na je bakin ƙofarsa na ce gobe zan sa a kai ni kasuwar Dira in sayo masa wani, sabo dal. Daga ciki ya ce, "Na kasuwa ai duk mai riyal zai saya, Uwata."

Washegari Juma'a, da sassafe, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Raket biyu ne a hannunsa, ɗaya aro. Ya ce, "Ƙwallo in an buɗe ta ba ta jira, iskar ciki fita take yi. Tunda kin buɗe, ke za ki buga. Yalla, maza sa abayarki."

Ranar na fara shiga unguwar nan. A jikin bangon filin akwai allo, da sunayen 'yan wasa a kan ƙananan katakai, an jera su daga sama zuwa ƙasa. In ka ci na samanka, sai ku yi musayar gurbi. Baba ya sa yatsa tun daga sama yana sauka, yadda yake yi wa jarida. Ya tsaya a na biyun ƙarshe. Sunansa ne.

"Nan ne mafi tsayin inda na taɓa kaiwa," in ji shi.

Bakina bai bar ni ba. "Baba, na biyun ƙarshe ne fa."

"Jiya da safe na ƙarshe ne."

Muna tsaye sai ga mai katakon ƙarshen, wani dogon Ba'amurke mai jan wuya, yana ɗingishi. Ya tambaya ko ni ce 'yar, ya ce mahaifina ya sa shi gudu jiya har gwiwarsa ta ƙi lanƙwasuwa, tsohon nan duk ƙwallon da aka aika masa sai ya dawo da ita. Na juya na ga Baba yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Wasan da na yi kuwa, kar ku tambaya. Ƙwallon farko na maka ta ta haye katanga ta faɗa titi, har yau tana Riyad. Baba ya yi dariya har ya dafa raga.

Da muka dawo, ban hau sama ba. Na faɗa baƙala, ga mutane suna sayayyar Juma'a, na ce, "Baba na Maraɗi, na ga allon da idona, na ga wanda aka cinye yana ɗingishi. Ni na zuba kukar. In akwai dariya ni za ka yi wa." Ya riƙe haɓa ya ce, "Alhaji, wannan 'yar taka ko alƙali sai ya saurara." Ya buɗe firij ya miƙo lemo biyu, ya ce halas, ba zai karɓi ko sisi ba.

Garajen dai ban rabu da shi ba, mijina shaida ne. Abin da na koya kawai, in na ga mutum yana murna da abin da na raina, nakan tambaye shi labarin kafin in buɗe baki. Kuma duk ranar da na ji an ce wani ɗan wasan Amurka ya hau inda bai taɓa hawa ba, sai na kira Baba, ko da ban san yaron ba.

Gwangwanin yana Zariya. Bai samu shiga kabad ɗin falo ba, a kicin yake, kuma kuka ce a ciki har gobe. In baƙi sun yaba miya, Baba yakan gyara zama ya ce, "Ku ci da kyau. Da gumina na ciyo mazubin."