Mma Damata, Mai Fentin Takalma

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 3 ga watan Yuni, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Mma Damata Wumbei a asibiti a Tamale, bayan jinyar mako biyu. Ina bakin murhu ina dafa ƙwallon kaɗanya labarin ya iske ni. Na bar tukunyar a kan wuta, maƙwabciya ce ta sauke.

Mma, shekara goma sha tara kina jagorantar ƙungiyar da ke tallafa wa mata masu tsintar kaɗanya a ƙauyukanmu na Savelugu, da 'yan matanmu da talauci ya kora dakon kaya a kasuwannin Accra. Masu ilimi za su faɗi rijiyoyi da azuzuwan da kika gina. Ni takalmi zan tuna.

Kowa ya san da asuba ake tsintar kaɗanya, cikin ciyawa mai raɓa, kuma kububuwa ma a nan take kwana. Shekarar da ƙungiyarku ta raba mana baƙaƙen takalman roba masu dogon wuya, mun yi guɗa, kun ɗauki hoto, kun tafi. Kafin mako ya zagayo, takalman duk suna ƙafar mazajenmu. Ba ƙwace suka yi ba. Mu da kanmu muka miƙa, domin a wajenmu sabon abu mai kyau idan ya shigo gida, na maigida ne. Da su suke zuwa gona, da su suke zuwa kasuwa. Mijina Ziblim har ɗaurin aure ya je da nawa.

A daminar nan maciji ya sari ƙanwata Adisa, tana sanye da silifas. Ba ta kai la'asar ba.

Daga ranar na rantse ba ni ba daji. To amma man kaɗe shi ne makarantar 'yata Tipagya, shi ne littafinta da rigarta. Tana da shekara goma sha uku. Na saya mata kwanon dako, na shirya ta bi motar Accra ranar Asabar, kamar yadda 'ya'yan wasu suka bi.

Ranar Alhamis kika zo gaisuwar Adisa. Kika ga kwanon a jingine, kika ga takalmina a ƙofar ɗakin Ziblim, caɓa-caɓa da lakar gonarsa. Ba ki yi faɗa ba. Kika zauna a ƙasa kika yi kuka, kika ce, "Laifina ne, Sanatu. Na raba kaya ban tambayi yadda gidajenku suke ba." Ban taɓa jin mai bayarwa ya ce laifinsa ne ba, sai a bakinki.

Washegari kika dawo a bayan babur da gwangwanayen fenti. Kika aro takalmin a wurin Ziblim cikin ladabi, kika zauna a gindin darbejiya, kika mulke shi da ruwan hoda, kika zana masa furanni rawaya har wuya. Da ya bushe kika kai masa da hannu biyu.

"Maigida, ga takalminka, na ɗan gyara maka."

Ya dube shi, ya dube ki. "Haba Mma! Ni da gemuna? So kike 'yan majalisa su riƙa kirana amarya?"

"To, tunda ba ka so, ko Sanatu za ta taimaka maka da shi?"

Duk ƙauyen haka kika bi, gida-gida, ba ki kunyata namiji ko ɗaya ba. Da yamma kika ɗauki kwanon dakon kika juya shi, kika ce, "Wannan ai na shanyar ƙwallo ne. 'Yata, Litinin ina son in gan ki a aji." Ranar Asabar motar Accra ta tashi ba Tipagya. Ni kuma na koma daji da furanni a ƙafata, duk da rantsuwar da na yi. Sau biyu na ji saran maciji a jikin robar nan, bai kai ga fata ba.

Kina da naki halin, Mma. Ba kya jin shawarar likita, kuma furanninki, Allah Ya gafarta miki, sun fi kama da ƙwai soyayye. Mun sha gaya miki, kina dariya.

Ranar sadakar uku mata suka zo daga ƙauyuka kai tsaye daga tsinta, domin lokacin kaɗanya ne, ba ta jira. Ƙofar gidanki ta cika da takalma ruwan hoda, har babu wurin taka ƙafa. A ɗakinki muka tarar da na rabon bana, da wani takalmi da kika yi wa ƙafarsa ta dama fenti, ciwo ya hana ki ta hagu. Tipagya, wadda yanzu malama ce a makarantar da ta kusa bari, ta nemi burushinki. Ta zauna ta ƙarasa shi, tana yi tana share ido da gefen mayafi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki, Napari da Zelia, da jikokinki, da ma'aikatan ƙungiya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙan ki, Ya haɗa ki da Adisa a Aljanna. Kin tsare ƙafafunmu a duniya, Mma. Allah Ya tabbatar da naki a kan siraɗi. Amin.

Sanatu Ziblim, Savelugu